Babi na Biyar: Da Wace Tiya Za A Auna?

Duk wanda ya yi sakandare a wannan yanki, ko a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, ya san yadda ake buɗe muhawara. A jera tebur biyu a gaban ɗakin taro, ko ƙarƙashin dogon yaro in makarantar ba ta da ɗakin, a zaunar da malamai uku a tsakiya da takardun maki, a miƙa wa wani ɗalibi agogo da ƙararrawa. Yaro na farko ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya zubo gaisuwar da ya haddace: mai girma shugaban taro, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, abokan karawata, 'yan uwana ɗalibai, assalamu alaikum. Sai ya ce ya tsaya ne don goyon bayan cewa malami ya fi likita amfani, domin malami ne ya koyar da likita. Ɗaki ya kaure da tafi. Na ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce, to in malamin ya kwanta ciwo, wa zai nema? Ɗaki ya sake kaurewa.

Ba raina wannan nake yi ba. Yaron da ya iya tsayawa gaban mutum 200 muryarsa ba ta yi rawa ba ya sami abin da zai amfane shi har tsufa, balle yarinya, wadda sau da yawa ranar ce ta farko da aka ce ta ɗaga murya a gaban maza kuma aka yi tsit ana saurarenta. Amma in ka natsu ka bi abin da aka faɗa, za ka ga ɓangarorin nan biyu ba su haɗu ba ko sau ɗaya. Mai kare malami yana duba wane ne tushe. Mai kare likita yana duba wane ne rashinsa ya fi saurin kisa. Kowa da gaskiyarsa a kan ma'auninsa, kuma babu wanda ya gaya wa alƙalai dalilin da zai sa su ɗauki nasa su bar na wancan. Shi ya sa a ƙarshe maki ke komawa wurin wanda ya fi amon murya, ko wanda Turanci ya fi zama a bakinsa.

Wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Talata ya san ba da maganar kuɗi ake fara ciniki ba. Mai saye yakan ɗauki tiyar ya juya ta, ya duba ko gindinta a lotse yake, ya tambaya cikawa za a yi har ta yi tsini ko shafe baki za a yi. Sai an daidaita a kan wannan sannan a shiga maganar nawa. In mai hatsi na awo da tasa tiyar, mai saye kuma na lissafi da wata dabam a ransa, za su wuni suna musu alhali babu maƙaryaci a cikinsu. Haka yake a muhawarar da ta shafi daidai da ba daidai ba, kuma mai goyon baya ne ya kamata ya fara ajiye ma'auninsa a gaban alƙalai.

Me ya sa shi? Domin shi ne mai da'awa. Ɗan Zamfara ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ko bai taɓa taka kotun shari'a ba, ya ji cewa wanda ya kawo ƙara shi ke kawo shaidu, wanda ya musa kuwa rantsuwa ke kansa. Mai adawa yana iya cin gasa in ya nuna hujjar abokinsa ba ta tsaya ba, ko da shi bai gina komai ba. Mai goyon baya ba shi da wannan sauƙin, amma an rama masa da abu ɗaya: shi ke fara magana. Mintunan nan na farko nasa ne shi kaɗai, kuma yawancin yaranmu da gaisuwa da jerin dalilai suke ƙarar da su. Wanda ya san abin da yake yi zai fara fayyace abin da ƙudurin ke nufi da abin da ba ya nufi, sannan ya ce ga abin da nake roƙon alƙalai su auna mu da shi, ni da abokin karawata, ga kuma dalilin da ya sa ya dace da wannan batu. Bayan nan ne dalilai ke samun wurin zama.

A Amurka akwai salon muhawarar sakandare da aka gina kacokan a kan wannan, tun wajajen 1980. An raɗa masa sunan Abraham Lincoln da Stephen Douglas, waɗanda suka kara sau bakwai a jihar Illinois a 1858 suna neman kujerar majalisar dattawa, kowace karawa awa uku. Batun bauta ne. Douglas ya ce a bar mutanen kowane sabon yanki su kaɗa ƙuri'a, in suna son bauta a yi, in ba sa so a bari. Lincoln ya ce bauta zalunci ce a kan kanta, don haka kada a bar ta ta yaɗu, ko me ƙuri'a ta ce. Ma'auni biyu ke nan: zaɓin jama'a da haƙƙin ɗan Adam. A gasar ɗalibai mai ɗauke da sunansu, mutum ɗaya ke karawa da mutum ɗaya. Mai goyon baya yana da minti 6 a farko, kuma ana sa ran ya ambaci abin da yake ganin ya fi daraja a batun, adalci ne ko 'yanci ko kare rai, tare da hanyar da za a gane an kai gare shi. Sai abokin karawa ya yi minti 3 yana yi masa tambayoyi kai tsaye. Ba duk abin da suke yi nake sha'awa ba. Wasunsu sun mai da abin tseren baki, suna zuba magana da gudun da mai sauraro ba ya iya kamawa. Amma wannan sharaɗi na bayyana ma'auni tun farko abin ɗauka ne.

Kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Wajajen 1786 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo Zamfara yana wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar, maza da mata na taruwa wurinsa. Wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya zo masa da baituka yana cewa ya hana mata zuwa majalisinsa, domin cakuɗuwar maza da mata abin ƙi ce. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, kuma Abdullahi ya kawo labarin a Tazyinul Waraƙati, littafin da ya rubuta a 1813. Dubi yadda ya tsara amsar. Ya fara da musanta zargin, cewa su ba sa cakuɗa maza da mata, hasali ma suna hanawa. Sannan ya yarda wa Gwani cewa cakuɗuwa ba abin so ba ce. Daga nan sai ya fito da mizaninsa: barin mata cikin jahilcin abin da ya wajaba su sani ya fi wannan muni, kuma in ɓarna biyu suka haɗu, ƙaramar ake ɗauka don kauce wa babbar.

Abin da ya fi burge ni a wannan amsa shi ne Abdullahi bai zo da ma'aunin da shi kaɗai ya yarda da shi ba. Ƙa'ida ce da duk wanda ya karanta fiƙihu ya sani, har shi Gwanin. Da zarar ta shigo, tambayar ta tashi daga "shin cakuɗuwa ta halatta?" ta koma "wace ɓarna ce ta fi girma?", kuma a wannan fage Abdullahi ya fi ƙarfi. Ƙwararren mai goyon baya haka yake yi. Yakan nemo ma'aunin da abokin karawa zai ji kunyar ƙi, sannan ya nuna cewa a kansa ɓangarensa ne ya rinjaya.

Yanzu mu bar malami da likita mu ɗauko abin da ke ƙofar gida. A ce an ba ɗalibai wannan ƙuduri: gina dam ɗin Bakalori alheri ne ga mutanen wannan ƙasa. Babu yaron Mafara da bai san ruwan nan ba, amma kaɗan ne suka san tarihinsa. An tare kogin Sakkwato ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa a hannun gwamnatin tarayya. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, aka kammala madatsar a 1978, da tafki mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An tsara ba da ruwa ga hekta 23,000, kimanin 15,000 ta hanyar feshi da injuna, sauran 8,000 ta magudanan da ruwa ke gangarawa da kansa.

Yarinyar da ƙuri'a ta ba ta goyon baya tana da abin faɗa da yawa, kuma da idonta ta gan shi. Shinkafar rani, dankali, albasa, tumatir, masara. Motocin da ke lodi suna fita. Masunta a bakin tafki. Samarin da da can ci-rani za su tafi da an gama girbi, yanzu suna da aiki a gida cikin watannin da ƙasa ke bushe. In ta ɗauki ma'aunin yawan amfani, wato a tara alherin da abu ya jawo wa jama'a a cire cutarwarsa a ga abin da ya rage, ta bi sahun Jeremy Bentham da John Stuart Mill na Ingila, ko ta san sunansu ko ba ta sani ba. Shi ne ma'aunin da gwamnatoci ke amfani da shi duk sanda za su yi babban aiki.

Yaron da ke adawa, musamman in ɗan Maradun ne, wataƙila a tsakar gida ya ji nasa labarin. Tafkin ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane aka kai su sabon matsuguni. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa kuma, an karɓe su don a baje da katafila, aka sare ɗorawa da kaɗanya da tsamiyar da kakanni suka bari, damina ta zo ta wuce wasu ba su shuka ko ƙwaya ba, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Manoma da masu bincike sun ce sun haura 380. Wannan yaro zai ce ba a biyan jinin mutum da buhun shinkafa, kuma ba a mai da talaka tsanin da wasu za su taka su hau, komai yawan waɗanda za su amfana. Immanuel Kant na Jamus, wanda ya rasu a 1804, kusan haka ya ce. Kakar yaron ma haka take cewa, ba ta kuma taɓa jin sunansa ba.

A irin muhawarar da muka saba, nan abin zai tsaya: ita ta yi ta ƙirga buhuna, shi ya yi ta ƙirga kaburbura, ƙararrawa ta kaɗa. Amma yarinyar da aka horar ta san tun daren jiya cewa maganar 1980 na tafe, don haka ba za ta jira a jefe ta da ita ba. Bayan gaisuwa, wani abu kamar haka za ta ce:

"Alƙalai masu adalci, ƙudurin yau yana tambaya ne ko samuwar dam ɗin alheri ce. Ba na tsaye a nan don kare yadda aka karɓi gonakin iyayenmu ba, ko harbin da aka yi musu. Wannan zalunci ne, kuma ina tare da ɗan uwana a kan haka tun kafin ya faɗa. Abin da nake roƙo ku auna mu da shi shi ne kare rai, domin na tabbata shi ma ba zai ƙi wannan ma'auni ba. Zan nuna muku cewa a ƙasar da damina ke wata huɗu, wani lokaci ta yi gardama, ruwan rani abinci ne, abinci kuma rai ne."

Da wannan ta yi abu biyu. Ta raba dam ɗin da hanyar da aka bi wajen gina shi, ta kuma shiga ma'aunin abokin karawarta ta zauna. Yana da damar ya ce rabawar ba ta yiwuwa, domin dam ɗin da aka gina shi ne wanda ake muhawara a kai, ba wani na mafarki ba. Yana iya tuna wa alƙalai cewa tun 1969 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar ƙaramin aiki da za a bi sannu a hankali, wato akwai hanya ta uku tsakanin wannan dam da rashin dam. To a nan ne muhawara ta fara, domin yanzu kowa na amsa maganar ɗan uwansa.

Sai dai akwai abin da ya wajaba malami ya gargaɗi mai goyon baya a kai: ma'aunin da ka kawo, kai ya fara ɗaurewa. In yarinyar nan ta zaɓi yawan amfani, dole ta ƙirga kowa, har waɗanda ba ta so a tuna da su. Akwai mutanen fadamar da ke ƙasa da dam, masu jiran ambaliyar kowace shekara ta jiƙa musu ƙasa su yi shinkafa da lambu su kama kifi. Da aka tare kogin ambaliyar ta ragu, da yawansu suka koma gero da dawa, kamar yadda wani mai bincike Bature, W. M. Adams, ya nuna a 1985. Akwai kuma injunan feshin nan da aka ɗora wa mafi yawan filin, waɗanda suka lalace aka bar dubban hekta babu ruwa, har sai da aka sa Bakalori cikin shirin gyaran ban ruwa da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. In ta ƙirga shinkafar Mafara ta tsallake shinkafar da ta ɓace a fadamar ƙasa, ta tauye awo, kuma alƙali mai lura zai kama ta.

A irin wannan wuri nakan so a koya wa yara dabarar John Rawls, Ba'amurken da ya wallafa littafinsa kan adalci a 1971. Ka ɗauka kai za ka yanke hukuncin a gina ko kada a gina, amma ba ka san inda za a haife ka ba: ƙauyen da ruwa zai cinye ne, ko gidan da zai sami filin rani, ko fadamar da za ta bushe. Wane sharaɗi za ka gindaya kafin ka sa hannu? Gwada wannan tambaya a aji ka ga yadda hayaniya ke kwanciya. Ɗan mai fili da ɗan wanda aka tasa sukan tashi da amsa kusan iri ɗaya, kuma diyya ce a kan gaba.

Yaranmu ma ba su zo hannu rabbana ba. Mafi yawansu da yamma suna Islamiyya ko makarantar zaure, sun bi ta Ahalari da Ishmawi, wasu sun kai Risala. Malamai irin su Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da Shaɗibi na Andalus, Bamalike da ya rasu a 1388, sun yi bayanin cewa shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya, kuma in suka ci karo akwai wanda ke gaba da wani. Rai na gaba da dukiya. Malaman fiƙihu sun tattauna karɓar filin mutum don bukatar jama'a, kamar faɗaɗa masallaci ko hanya, suka ɗaure shi da biyan ƙima ta adalci. Duk wannan kayan muhawara ne na gani na faɗa, amma yaro yakan ajiye shi a bakin ƙofa in zai shiga gasar boko, kamar an ce masa ba a shiga da shi. Abin takaici ne. Sharaɗin kawai shi ne ya yi bayanin dalilin ƙa'idar, kada ya jefa ta don ya rufe bakin kowa, kuma ya tuna a gasar jiha ko ta ƙasa abokin karawarsa ko alƙalinsa na iya zama Kirista, wanda sai an nuna masa hikimar abin kafin ya karɓa.

Akwai batun da ya fi Bakalori zafi, kuma yaran da kansu suke kawo shi: a yi sulhu da 'yan bindiga ko kada a yi. Ba daga littafi suka san shi ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙasar Maradun. Gwamnatin Bello Matawalle ta gwada sulhu tun 2019, daga baya ta janye. Ta Dauda Lawal ta ce ba za ta yi ba. Abin lura a wannan ƙuduri shi ne ɓangarorin biyu na iya riƙe ma'auni ɗaya, kare rai, su kuma saɓa. Mai goyon baya yana duban rayukan da ke daji yau da manomin da ke son zuwa gona bana. Mai adawa yana duban waɗanda za a sace baɗi da makaman da kuɗin yau zai saya, yana kuma tambayar ina haƙƙin wanda aka kashe wa uba in mai kisan ya dawo kasuwa ba hukunci. Mai goyon baya da bai ce komai kan gobe ba, bai kuma ce komai kan marayu ba, bai sauke nauyin da ke kansa ba, ko da ɗaki ya tafa masa.

Ra'ayina shi ne a yi wannan muhawara, amma a cikin aji, ba a dandali ko rediyo ba, kada a ambaci sunan kowa ko na wani ƙauye, kuma kada a tilasta wa yaron da abin ya taɓa gidansu ya kare ɓangaren da zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Malamin da ya san ajinsa ya san waɗanda nake nufi. Akwai kuma ƙudurorin da ya kamata a daina bayarwa gaba ɗaya. Har yau ana sa yara su kara a kan ko ɗa namiji ya fi 'ya mace amfani a gida, rabin ɗakin kuma 'yan mata ne zaune suna jin ana auna darajarsu. Haka duk ƙudurin da zai sa Bahaushe da Bafillace a ma'auni a matsayin ƙabila. Ana muhawara a kan aiki ko doka ko shawara. Darajar wanda ke zaune kusa da kai a benci ba abin sawa a gasa ba ce.

Iyaye suna da tasu tambayar, kuma tambaya ce mai nauyi. Uba zai tare malami bayan sallar la'asar ya ce: "Malam, yanzu ɗiyata za ta tsaya gaban mutane ta kare abin da ba ta yarda da shi ba? Wannan ba koyon ƙarya ba ne?" Kada malami ya yi saurin cewa, "Haba Baba, ai wasa ne." Gazali kansa, a Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa cututtukan da jayayyar malamai ke haifarwa, irin su hassada da girman kai da riya da ƙullata, ya kuma nemi mai muhawara ya ɗauki abokin karawarsa mataimaki wajen neman gaskiya. Tsoron uban nan yana da tushe. Amsar da nake ganin ta dace ita ce, kowa a ɗakin ya san ƙuri'a ce ta raba ɓangarori, don haka ba a yaudari kowa ba. Abin da yarinyar ke yi shi ne fito da mafi ƙarfin hujjar da wannan ɓangare ke da ita don a gwada ta. Ƙarya tana shigowa ne ta wata ƙofa: ƙirƙiro adadi, jingina wa wani malami ko wata hukuma abin da ba su faɗa ba, jawo aya ko hadisi inda ba wurinsu ba, ko murɗe maganar abokin karawa. Waɗannan ya kamata su jawo asarar maki nan take, ko da sun sa ɗaki ya tashi tsaye.

Wannan ya kawo mu kan takardar makin alƙalai, domin abin da ake ba maki shi yara ke koya. A yawancin makarantu layukan su ne tsabtar tufafi, gaisuwa, ƙwarewar harshe, ƙarfin murya da yawan dalilai. Ba sai an soke su ba, amma a rage musu kaso a ƙara layi biyu masu nauyi: shin ya faɗi ma'auninsa ya kuma kare shi, shin ya amsa ainihin abin da abokin karawa ya faɗa. A kuma ware minti biyu ko uku na tambayoyi kai tsaye bayan jawabin farko. Yaron da ya haddace takardar da yayansa ya rubuta masa ba ya wuce tambaya ta biyu. Wanda ya fahimci abin da yake faɗa kuwa a nan yake haskawa.

Sai harshe. Ɗalibin da ke fama da neman kalmar Turanci ba shi da sauran numfashin da zai auna hujja. A bar shi ya fara gina ma'auninsa da Hausa, a ƙungiyar Hausa ta makaranta ko a darasin insha'i, inda dama muhawara na cikin nau'o'in rubutun da ake koya masa don jarrabawar fita. In tunanin ya tsaya da ƙafarsa, mai da shi Turanci don gasar jiha aikin mako biyu ne. Shi kuma mai adawa, wanda zai tashi ya tarar an riga an ajiye ma'auni a gaban alƙalai, yana da zaɓi: ya karɓa ya yi faɗa a kansa, ko ya ture shi ya kawo nasa. Yadda zai gane wanne ya fi masa shi ne batun babi na gaba.